Sharhi: Giɓin da korona ta bari a horar da likitocin tiyata

Tun a ranar 5 ga Mayun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye matakin gaggawa da ta ɗora kan annobar korona, amma tabon da ta bari a ɗakunan tiyata na asibitocin koyarwa bai gama gogewa ba.

Aikin fiɗa da hannu ake koyonsa. Likita mai neman ƙwarewa yakan shafe shekaru yana taimaka wa babban likita, sannan ya riƙe wuƙa da kansa ana duba shi, kuma kowane aiki sai an rubuta shi a kundinsa. Da wannan kundi yake tunkarar jarrabawar Kwalejin Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa da ke Ijanikin a Legas, ko ta Kwalejin Likitocin Tiyata ta Afirka ta Yamma.

Bayan ɓullar cutar a Legas ranar 27 ga Fabrairun 2020, da kullen da aka sanya a Legas da Ogun da Abuja daga 30 ga Maris, asibitoci da dama sun ɗage tiyatar da ba ta gaggawa ba. A nan matsalar take, domin irin wannan tiyata, kamar ta gwaiwa ko maƙoƙo, ita ce ake koyarwa a natse. Wani bincike na ƙungiyar COVIDSurg ya ƙiyasta cewa za a soke ko a ɗage tiyata miliyan 28.4 a duniya cikin makonni 12 na tsananin annobar. A watan Yunin shekarar kuma ƙungiyar NARD ta shiga yajin aiki kan ƙarancin kayan kariya da alawus na haɗari.

Darussa ta intanet sun cike giɓin karatu, amma ba su koyar da ɗinke hanji ba. Ga shi kuma ƙwararrun da za su rama wa ɗalibai abin da suka rasa suna ficewa zuwa Ingila da Saudiyya.

Ƙasar da ke fama da zazzaɓin Lassa duk shekara ba ta da hujjar jiran wata annoba kafin ta shirya. Ya kamata a ware ɗakunan tiyata da ba za a rufe ba, a samar da cibiyoyin gwaji da gumakan roba, kuma a auna likita da abin da hannunsa ya iya, ba da yawan watannin da ya yi ba. Majinyacin da za a kwantar gobe shi ne zai biya kuɗin sakacin yau.