A dawo da zagayen gidajen Sabo, mu gyara kwatocinmu

'Yan'uwa mazauna Sabo Ibadan, tun 1916 aka kafa unguwar nan. Gidajen da suka sauki fataken goro da na shanu suna tsakaninmu, amma yaranmu ba su san labarinsu ba. A da, gida-gida muke bi idan Sallah ta zo. Muna ganin a dawo da wannan zagaye cikin tsari: mai shiga ya ba da abin da ya sawwaƙa, dattijo ya ba da tarihin gidansa, baƙi su tsaya a ƙofa, ban da shiga wurin iyali. Kuɗin a yashe kwatoci da shi kafin damina, a karanta lissafi gaban kowa. Iyayenmu masu gidaje, amincewarku muke jira. Allah ya ba mu iko.