Katin Barka Da Salla: A Bar Yara Su Yi Da Hannunsu

Ga Salla ta matso, kuma kowa ya san abin da zai faru. Tun daren jajibere wayoyi za su fara ƙara, hoton rago ko na jinjirin wata ya shigo, da rubutu mai walƙiya a ƙarƙashinsa. Wanda ya aiko ba shi ya zana ba, ba shi ya rubuta ba, watakila ma bai tsaya ya karanta ba. Wani ne ya tura masa, shi kuma ya tura wa duk wanda ke cikin wayarsa. Mu kanmu bara hoto iri guda ya zo mana daga wajen mutum bakwai kafin a sauko daga Idi, cikinsu har da wanda rabonmu da shi tun muna makarantar horon malamai. Mun gode musu, amma fa in an tambaye mu wa ya gaishe mu a cikinsu, sai mu yi shiru.

Don haka mu ke roƙon shugabannin makarantu da malaman aji, su ba da darasin aikin hannu na mako biyu kafin kowace Salla, yara su yi katin gaisuwa da hannunsu, su yi kuma 'yan takardun nan da a ke ɗaurawa a jikin kyauta don a san daga wa ta fito, wa kuma aka nufa da ita. Inda akwai yaran Kirista, a yi musu haka nan kafin Kirsimeti.

Mun san abin da waɗansu za su fara faɗi, watau wannan ai al'adar Turawa ce. Game da asalin katin, gaskiyarsu, ba mu musu. A Ingila aka fara buga katin Kirsimeti don sayarwa, cikin 1843. Wani ma'aikacin Gwamnati mai suna Henry Cole, wanda wasiƙun gaisuwa suka yi masa yawa har ya rasa lokacin amsa su, shi ya sa abokinsa John Horsley ya zana masa hoto, aka buga guda 1,000, aka shafa musu launi da hannu, aka sayar da su sule guda guda. Ba arha ba ne, gama tun 1840 kwabo guda ke kai wasiƙa ko'ina cikin ƙasar, ashe kuɗin kati ɗaya ya isa a aika wasiƙa goma sha biyu. Har ma an yi surutu a kan hoton, don an nuna iyali suna shan giya har da ƙaramin yaro. Abin bai zama na talakawa ba sai bayan 1870, sa'ad da aka rage kuɗin aika kati ya koma rabin kwabo, abin da iyayenmu ke ce wa ɗari.

To, a lura da wannan. Cole ya ƙago katin ne don ya huta da rubutu. Saƙon waya na yau jikan wannan dabara ne, ya dai fi kakansa sauri. Abin da mu ke nema ga yaranmu kishiyar wannan ne, muna so yaro ya zauna, ya tuna da mutum guda, ya sha wahala kaɗan saboda shi. Wannan kuwa ba mu aro shi daga kowa ba. Sarakunanmu sun daɗe suna sa magatakarda ya rubuta wasiƙar gaisuwa, a buga hatimi, manzo ya hau doki ya kai. Malamanmu kuma sun daɗe suna ƙawata takarda. Duk wanda ya taɓa buɗe tsohon Alƙur'ani rubutun hannu ya ga zayyanar da a ke yi a gefen shafi, ja da rawaya da baƙi, ya ga kuma allon zayyana da a ke ba almajiri ran saukarsa. Takardar ma da su ke rubutu a kanta a ƙarni na 19, da yawanta daga Italiya ta ke fitowa, daga ma'aikatar Galvani, mai tambarin jinjirin wata uku, fatake su ratso Sahara da ita. Ba su ƙi ta don ta Nasara ce ba, sun karɓa sun sa mata hannunsu. Musulmin Hindu ma tun farkon ƙarni na 20 su ke aika wa juna katin Idi ta gidan waya.

Sharaɗi guda mu ke so a kiyaye ƙwarai. Kada a bar yara su rubuta ayar Alƙur'ani a jikin kati ko takardar kyauta, domin ƙarshen irin waɗannan takardu a tsakar gida ne, tsintsiya ta kwashe. Barka da Salla da fatan alheri sun isa.

Magana ta biyu ita ce ta kuɗi, a nan kuwa za mu faɗi laifin kanmu. Karon farko da muka sa ɗalibanmu masu koyon aikin malanta su gwada wannan a wata firamare, cewa muka yi kowane yaro ya zo da kayan aikinsa. 'Ya'yan masu hali suka zo da alƙaluma masu launi goma sha biyu da takarda mai ƙyalli ta kanti. Sauran suka zo da fallen littafin rubutu da guntun fensir. Muka kuma ƙara wauta, muka ce za a ba wanda ya fi kyau kyauta. Wani yaro da ke zaune a baya, wanda ya yi wa kakarsa zanen dagi mai tsabta da fensir kaɗai, ya dubi na maƙwabcinsa, ya dubi nasa, sai ya yayyaga ya cusa a aljihu. Ba mu gani ba sai da aka tashi, malamar ajin ta gaya mana. Tun daga ran nan muka hana sayen kome, muka hana gasa.

Kuma lalle babu bukatar saye. Kwalin shayi da na sukari da na sabulu suna nan a kowane gida, cikinsu fari ne ko toka-toka, yana karɓar tawada. Ku akawuna, ofisoshinku cike su ke da tsofaffin kalanda da bangon fayil da ba a sauran aiki da su, in kun tabbata babu asirin ofis a jiki ku aika wa makarantar unguwarku. Takarda mai kauri girman A4, watau santimita 21 da kusan 30, in an raba ta biyu aka ninke kowane rabi, kati biyu ke nan, kowane ya shiga ƙaramin ambulan daidai. Ragowar kwali a yanka shi kamar yatsa uku a faɗi, tsawon yatsa guda, a sare kusurwa biyu na kai, a huda da basilla, a zura zare. Takardar kyauta ta samu.

Abin liƙi, a jiƙa ƙaro ya kwana, ko a dama sitacin rogo a kan wuta har ya yi kauri. Launi kuma mu koma wajen masu sana'armu. Dukawa suna samun ja daga karan dafi, marina suna da shuni, gangamau yana ba da rawaya, baƙi kuwa ga tawadar malamai, ta gawayi da ƙaro, ko ta bagaruwa da kashin maƙera wadda ba ta gogewa. Zoɓo yana da kyau ran farko, amma ya kan koɗe, kada a dogara da shi. In aji ya yi yawa, a yanka dankali biyu, a sassaƙa tauraro ko dagi a fuskarsa, a dangwala a launi a buga kamar hatimi. Malami shi zai riƙe wuƙa. In za a sassaƙa harafi sai a juya shi, in ba haka ba ya fito a baibai, ko da ya ke mu kan bar yara su yi wannan kuskure sau ɗaya, don ba su mantawa da shi. Bayan an gama a danne katunan ƙarƙashin littafi mai nauyi su kwana, gama takarda in ta sha ruwa ta kan lanƙwashe.

Saura masu cewa ɓata lokaci ne, ga jarrabawa tana zuwa. Waɗannan su mu ke so su zo su tsaya a bayan aji su gani. Yaron da zai raba takarda biyu daidai sai ya auna da rula. Wanda zai rubuta wa gwaggonsa sai ya san yadda a ke rubuta sunanta, da inda babban baƙi ke zama, da bambancin ƙ da k, don kada ya rubuta wata magana dabam ba wadda ya nufa ba. Sai ya koyi cewa gaisuwar da a ke yi wa kaka ba ita a ke yi wa abokin wasa ba. Mun shiga aji biyar a wata makaranta muka ce kowa ya rubuta sunan wanda zai aika wa da unguwarsu a bayan ambulan, waɗanda suka iya ba su kai rabi ba. Yaran nan sun yi shekara biyar suna kwafe abin da ke kan allo, ba wanda ya taɓa sa su rubuta layi guda wanda wani mutum zai karɓa ya karanta a gida. Darasin rubuta wasiƙa da a ke yi don malami ya sa maki, yaro ya san wasa ne. Amma in ya san kakansa zai riƙe takardar, ko ya ba wani ya karanta masa a zaure gaban mutane, za ka ga ya goge ya sake har sau uku ba wanda ya sa shi.

Kada kuma a raina zanen yaro. Katin farko na hukumar UNICEF, wanda aka buga cikin 1949, zanen wata yarinya ce 'yar shekara bakwai a ƙasar Cekoslobakiya ta wancan zamani, ta yi shi don godiya saboda taimakon da aka kai ƙauyensu bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Daga nan hukumar ta shiga sayar da kati shekara da shekaru tana taimakon yara da kuɗin.

'Yar takardar kyauta kuwa, mata su suka fi mu sanin amfaninta. Ran Salla a kan jera kwanonin abinci a tsakar gida, ko kason nama ran Babbar Salla, a ce wa yaro wannan na gidan Liman, wannan na gidan Inna, wannan na surukai. Kafin ya kai ƙofa ya rikice, kason da aka zaɓa don surukai ya tafi wani gida, kwano kuma ya ɓace a hanyar dawowa, a kwana ana cigiya. In an ɗaura takarda a marfin kowane kwano, da sunan gidan da za shi a fuska ɗaya, da na gidan da ya fito a ɗaya fuskar, rigima ta ƙare, yaron da ya rubuta kuma ya ga karatunsa ya yi aiki a gidansu.

Shawararmu ga shugabannin makarantu ita ce a fara tara kwali tun yanzu, a sa kowane aji ya sami kwandonsa. Mako na farko a yi awo da yanka da haɗa launi, mako na biyu a yi zane da rubutu. Kowane yaro ya yi kati biyu, ɗaya na wani babba a danginsu, ɗaya na wanda shi ya zaɓa, da takardar kyauta biyar ya kai wa mahaifiyarsa. Malami ya duba rubutun a kan allo ko a fallen takarda tukuna, kafin yaro ya sa tawada a kan katin.