Binciken Lenore Walker Ya Cancanci Kulawar Alƙalai

Ra'ayin wannan jarida shi ne, Lenore Walker, masaniyar halayyar ɗan Adam ta Amurka, ta yi wa ilimi hidima babba, domin tun da ta wallafa The Battered Woman a 1979, inda ta bayyana yadda zaluncin miji yake kewayawa daga ƙunci zuwa duka, daga duka zuwa nadama da lallashi, kotunan ƙasarta suka soma sauraron shaidar masana kafin su hukunta matar da tura ta kai ta bango. Malamai sun yi mata raddi cewa ba kowane gida yake bin wannan tsari ba, kuma raddin yana da hujja. Wajibi ne jami'o'inmu su karantar da binciken tare da raddinsa, alƙalai da masu sulhun aure kuma su nemi shawarar masana kafin su mayar da mace ɗakinta.