Kufan da Ake Sayarwa da Sunan Daji

A kudu maso yammacin tsibirin Tasmaniya, wanda ke kimanin kilomita 240 kudu da babban yankin Ostareliya, akwai wata hanyar ƙafa mai tsawon kilomita 85 da ake kira South Coast Track. Babu titin mota zuwa mafarinta. Ƙaramin jirgin sama ne yake sauke matafiyi a Melaleuca, daga nan ya saɓa jakarsa ya yi kwana shida zuwa takwas yana ratsa caɓi da rairayin bakin teku, ya hau duwatsun Ironbound da suka kai wajen mita 900, kafin ya ɓulla Cockle Creek. A mashigar New River ma da kansa zai tuƙa kwalekwale, kuma doka ce ya bar ɗaya a kowace gaɓa domin na bayansa, wanda hakan ke sa shi ƙetarawa sau uku.

Ba ni da ja a kan kyan wurin, kuma wanda ya gama tafiyar ya cancanci jinjina. Rigimata da sunan da ake tallar wurin da shi ce. Kamfanonin yawon buɗe ido suna kiransa da kalmar Turancin nan da ke nufin ƙungurmin dajin da hannun ɗan Adam bai taɓa ba, kuma kalmar tana cikin sunan da hukuma ta ba yankin tun da UNESCO ta sa shi cikin wuraren gado na duniya a 1982. Wannan suna ƙarya ne, kuma ƙarya ce mai amfanar wanda ya ci ƙasar da yaƙi.

Bahaushe yana da kalmar da ta fi dacewa. Idan ka shiga jeji ka tarar da kukoki sun yi jerin gwano, ga ramukan marina sun cike da ƙasa, ba ka cewa nan ba a taɓa zama ba. Sunansa kufai, kuma mai hankali yakan tambaya: ina mutanen suka tafi, wa ya tashe su?

Mutane sun zauna a Tasmaniya fiye da shekara 35,000. A kan wannan hanya kanta, matafiyi yana wuce jujin ɓawon katantanwar teku da aka tara zuriya bayan zuriya. Ƙasar da ke kewaye da Melaleuca ta mutanen Needwonnee ce. Inda tafiyar take ƙarewa kuwa ta Lyluequonny ce, waɗanda ayarin Faransawa ƙarƙashin d'Entrecasteaux ya yi hulɗa da su a 1793. Hatta faffaɗan filayen ciyawar da ake ɗaukar hotonsu a matsayin shaidar rashin mutum, akwai hannun mutum a cikinsu. Mutanen wurin sun yi dubban shekaru suna sa musu wuta kaɗan-kaɗan, a lokacin da suka zaɓa, domin hanya ta buɗe, sabon tsiro ya fito, dabbar farauta ta zo kiwo. Da wutar ta tsaya, sai sarƙaƙiya ta fara cinye fili. Akwai wani ɗan ƙaramin aku mai tabon ruwan goro a ciki, wanda yanzu ba ya hayayyafa a ko'ina a daji sai a Melaleuca, har akwai shekarar da waɗanda suka dawo daga ƙaura ba su kai 20 ba. Tsabar da yake ci ta fi yawa a filin da bai daɗe da ƙonewa ba. Yau ma'aikatan gandun daji ne suke kunna wutar da gangan domin ya sami abinci. Wato ana biyan albashi a yi aikin da masu ƙasar suke yi kafin a kwashe su, a kuma ci gaba da cewa wurin bai san mutum ba.

Yadda aka kwashe su kuwa a rubuce yake. Turawan Ingila sun kafa sansani a tsibirin a 1803. A 1828 Gwamna George Arthur ya kafa dokar soja a kan ’yan ƙasa, a 1830 kuma ya jera mutum fiye da 2,000 su share yankunan da Turawa suka zauna kamar masu farautar gayya. Mutum biyu kawai suka kama. Abin da bindiga ta kasa, lallashi ya ƙarasa. A wannan shekarar George Augustus Robinson ya bi gaɓar kudu da ƙafa, Truganini da Woorrady suna cikin masu nuna masa hanya, yana neman amincewar mutanen da daga baya aka kwashe zuwa Wybalenna a tsibirin Flinders. Can cuta da baƙin ciki suka yi ta ɗauke su. A 1847 mutum 47 ne suka rage aka mayar Oyster Cove. Da Truganini ta rasu a 1876, sai aka yi shela cewa ita ce ta ƙarshe, aka baje ƙasusuwanta a gidan tarihi na Hobart har 1947, duk da ta roƙi kada a taɓa gawarta. Ba ita ce ta ƙarshe ba. Zuriyar ’yan ƙasar, waɗanda da yawansu ke kiran kansu Palawa, suna nan da ransu, kuma su ne suka matsa har aka ƙone ƙasusuwan aka watsa tokar a teku a 1976.

Masu kare kalmar suna da hujja, kuma ba zan raina ta ba. Suna cewa da ita aka ceci kogin Franklin daga madatsar ruwa, kuma duk wanda ya fi ɗokin a goge ta, ka duba da kyau, sau da yawa mai neman yankan katako ne ko mai son gina masaukin attajirai a bakin tafki. Gaskiya ne. Amma su tuna abin da ya faru. A 1981 masu binciken tarihi suka tabbatar cewa kogon Kutikina, a gaɓar Franklin, cike yake da kayan aiki na dutse da ƙasusuwan dabbobin da aka farauta tun zamanin ƙanƙara, kusan shekara 20,000 da suka wuce. Madatsar za ta nutsar da shi. Wannan kogo yana cikin manyan dalilan da gwamnatin tarayya ta riƙe, har Babbar Kotun Ostareliya ta yanke hukuncin da ya dakatar da aikin a watan Yulin 1983. Sawun mutanen da ake cewa ba su taɓa wurin ba ya taimaka wajen ceton wurin. Ba sai an yi ƙarya ba kafin a hana mai zarto shiga. Dokar da ta hana sare itace ba ta buƙatar a shafe sunan mamaci.

Abin da nake nema ba mai yawa ba ne, kuma an soma shi. A 1995 majalisar Tasmaniya ta mayar wa al'ummar ’yan ƙasa wasu wurare, ciki har da Kutikina. A Melaleuca akwai gajeriyar hanyar da aka yi da hannun al'ummar, mai ba da labarin Needwonnee. Sai dai tana gefe, ba ta fi tafiyar sa'a guda ba, kuma mai gaggawar kama hanyar kwana bakwai yana iya wuce ta bai sani ba. A sa sunan masu ƙasa a kan takardar izinin shiga, a ba jikokinsu ragamar wutar da ragamar kuɗin, a daina buga wa baƙo talla cewa zai taka inda ƙafa ba ta taɓa takawa ba, alhali daren farko ma kusa da jujin wani gida zai kafa tantinsa.