KIMIYYA A ƘOFAR GIDA: Kananzir da Fetur Uwarsu Ɗaya, Halinsu Daban



Da na je hutu gida Wasagu, na ga an aiki wani yaro sayo kananzir da galan ɗin da yayansa ɗan kabu-kabu ke zuba fetur. Da na tsayar da shi sai ya ce, "Yaya, ai duk mai ne." Wannan amsa tasa ce ta haifar da darasinmu na yau.

Gaskiya ne, asalinsu ɗaya: ɗanyen mai, wanda aka gano a Oloibiri a 1956. A matata, irin ta Kaduna da aka buɗe a 1980, ana dafa shi har kusan digiri 350, sai tururinsa ya hau wata doguwar hasumiya yana hucewa. Mai sauƙin nauyi shi ke kaiwa sama. Gas na girki ne a ƙololuwa, sai fetur, sai kananzir, sai dizal na injin niƙa, sai baƙin mai na jiragen ruwa da masana'antu. Kwalta ce ke zama a gindi.

Daga kwal ma ana samun mai. Ba gawayi nake nufi ba, baƙin dutsen nan da ake haƙowa, irin wanda aka gano a yankin Enugu a 1909. Daga shi Abraham Gesner ɗan Kanada ya tace kananzir a 1846, kuma har yau kamfanin Sasol na Afirka ta Kudu yana mayar da kwal fetur da dizal.

To, ina haɗarin yake? Kananzir sai ya yi zafin kusan digiri 38 kafin ya fitar da tururin da ke kama wuta. Fetur kuwa ko a sanyin da ya fi na ƙanƙara yana fitar da nasa. Saboda haka ɗan kaɗan ya shiga risho ko fitilar ƙwai, tururi zai taru a tanki, ana ƙyasta ashana sai gobara.

Don haka kowane mai da galan ɗinsa. Kada a ƙara wa fitila mai tana ci. In kananzir yana warin fetur, a mayar wa mai shi. Ku gaya wa su Inna, don su ne a bakin wuta kullum.

Tambayar mako: me ya sa kwalta ke zama a gindin hasumiya? Ina jiran amsoshinku. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.