Allurar Gyaran Ƙashin Muƙamuƙi Ba Ta Amfanar Wanda Ya Makara

Mai bibiyar labaran fasaha a waya ba zai rasa cin karo da bidiyon likita yana ɗura wani farin abu kamar kullu cikin ramin ƙashi da sirinji ba, bayan 'yan mintoci kuma ya daskare. Ba siddabaru ba ne. Simintin ƙashi ake kiransa, ana haɗa shi da kalsiyam da fosfet, sinadaran da ƙashin mutum ya ƙunsa. Masana biyu a Amurka, Brown da Chow, suka fito da shi a shekarun 1980, a 1996 kuma hukumar FDA ta amince a cike giɓin ƙashin kai da fuska da shi.

Idan ya daskare, sabon ƙashi yakan bi jikinsa yana tsirowa. Ribar ita ce ba sai an yanko ƙashi daga ƙugun majiyyaci ba, wato ciwo ɗaya zai yi jinya maimakon biyu.

Sai dai bidiyon ba ya faɗin iyakarsa. Simintin yana da gautsi, muƙamuƙi kuwa kullum cikin tauna yake. Ƙaramin rami yake iya cikewa, kamar gurbin haƙorin da aka cire ko na ƙaramin ƙari da aka ƙwaƙule. Babban giɓi ya fi ƙarfinsa.

A nan ne maganar ta shafi Kaduna. Sashen tiyatar baki da fuska na Asibitin Koyarwa na ABU ya yi shekaru da dama a wannan gari kafin a koma Shika, kuma likitocinsa sun sha fama da wani ƙarin muƙamuƙi mai suna ameloblastoma. Yana girma a hankali, galibi ba zafi, don haka mai shi sai ya yi ta shafe-shafe da jiƙe-jiƙe. Kafin ya isa asibiti kumburin ya canza masa kama. A lokacin dole a cire sashen muƙamuƙin, a sa ƙarfe, a dasa ƙashin haƙarƙari ko na ƙwauri. Babu allurar da za ta maye gurbin wannan aiki.

Haka abin yake da cutar noma mai cin fuskar yara, wadda aka buɗe mata asibiti na musamman a Sakkwato a 1999, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin cututtukan da aka yi watsi da su a Disamban 2023. Da gyambon dasashi take farawa. Idan an kama ta da wuri, maganin kashe ƙwayoyin cuta da abinci mai gina jiki kan tsayar da ita kafin ta kai ga ƙashi.

Saboda haka matashin Kawo ko Unguwar Rimi da ya ga kumburi a haɓar ƙaninsa ko mahaifiyarsa, kada ya ɓata data wajen neman inda ake sayar da allura a intanet. Abin da za a ɗura cikin ƙashi aikin likitan tiyata ne, bayan an ɗauki hoton ƙashin. Ya kai su sashen haƙori na asibitin Barau Dikko ko wani asibitin gwamnati a makon nan, tun ramin bai wuce abin da sirinji zai iya cikewa ba.