Zare: kwashe bayanai da sauri ba wuya, amma wa ke biyan kuɗin motar gyaran suna?

1/ Jama'a, yau a kan abin da muke karantawa a sashen kwamfuta zan yi magana: yadda ake kwashe bayanai masu yawa daga wani rumbun bayanai zuwa wani cikin sauri. Kar ku wuce. Maganar ta shafi layin wayarku, JAMB ɗinku da bashin karatu, musamman mu 'yan Batsari da Safana.

2/ Ra'ayina a taƙaice: dabarar sauri an daɗe da gano ta. Inda gizo ke saƙar shi ne a kwashe mutum daidai yadda yake, in kuma an samu kuskure, kar a bar talaka da kuɗin mota yana yawon gyara abin da ba shi ya ɓata ba.

3/ Rumbun bayanai babban littafin rajista ne a cikin kwamfuta. NIMC tana da nata mai NIN, bankuna suna da BVN tun 2014, JAMB da kamfanonin waya da makarantarku kowa da nasa. Kullum sai sun miƙa wa juna bayanan miliyoyin mutane.

4/ Hanya mafi nawa ita ce tura suna ɗaya, a jira amsa, a tura na biyu. A ce kowane suna yana cin kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa. Suna miliyan ɗaya zai ci awa kusan 28. Kamar ka ce za ka kai rogon Batsari Katsina saiwa ɗaya-ɗaya a kan babur.

5/ Masu aikin buhu suke yi su cika mota. A zuba sunayen duka a fayil guda, a loda su lokaci ɗaya. A PostgreSQL umarnin sunansa COPY, a MySQL kuma LOAD DATA. Aikin yini guda sai ya dawo na mintoci.

6/ Sauran dabarun: a matse fayil ɗin ya ƙanƙance kafin a tura. A raba shi gida-gida, injina da yawa su yi lodi tare. A cire fihirisar rumbun kafin lodi, a sake gina ta bayan an gama. In an yi kwasar farko, daga nan abin da ya canza kawai za a riƙa turawa.

7/ Wani lokacin ma mota ta fi intanet gudu. Terabayit ɗaya a kan netwok mai megabit 10 a daƙiƙa zai ci kwana tara da ɗoriya. Zuba shi a faifan ajiya, shiga mota daga Safana, kafin azahar kana Katsina. Hoton baƙin ramin sararin samaniya da aka fitar a 2019, a jirgin sama aka yi jigilar faifan bayanansa.

8/ Mu wannan ba labari ba ne a wajenmu. A Satumban 2021, zamanin Gwamna Masari, an kashe sabis a ƙananan hukumomi 13 na Katsina saboda 'yan bindiga, har da Batsari da Safana. Aka shafe watanni ba kira ba data. Duk tsarin da sai da netwok yake aiki, a lokacin ya manta da mu.

9/ Shi ya sa nake cewa duk manhajar rajista da za a kawo Ruma, Wagini ko Runka, a gina ta yadda za ta ajiye bayanai a cikin na'urar, in an samu sabis ta tura su a dunƙule. Tsohuwar fasaha ce, niyya kawai take so.

10/ To, yanzu ga ɓangaren da ya fi damuna. Inji mai sauri ba ya tambaya. In ka loda masa kuskure, da wannan saurin zai raba shi ko'ina. Kuma sunayenmu ne suka fi faɗawa tarkon.

11/ Mutum ɗaya: Muhammad a firamare, Mohammed a banki, Muhd a takardar haihuwa. Wata Aisha ce a nan, A'ishatu a can. Wani sunan mahaifi ya sa a ƙarshe, wani wurin kuma sunan garinsu. Kwamfuta harafi take gwadawa da harafi, ba ta san ɗan gidan wane ba ne.

12/ Ga na masu shigar da bayanan. Excel yana cinye sifirin farko na lambar waya in bai san rubutu ba ne. 03/04 a wajenmu 3 ga Afrilu ne, a tsarin Amurka 4 ga Maris. Haruffanmu ɗ, ƙ da ɓ kuwa, in ba da UTF-8 aka ajiye fayil ba, sai su koma alamar tambaya.

13/ Kar ku ce mu kaɗai ne. A Oktoban 2020, a Ingila, sakamakon gwajin korona kusan 16,000 ya zube a hanya, saboda tsohon fayil ɗin Excel da suka yi amfani da shi ba ya ɗaukar layi sama da 65,536. Injin bai yi ko tari ba.

14/ A gida, tun 2021 ba ka rajistar JAMB sai da NIN. A Afrilun 2022 an hana layukan waya sama da miliyan 70 kira saboda ba a haɗa su da NIN ba. A 2024 NELFUND ta ɗage buɗe wa ɗaliban makarantun jihohi neman bashi saboda makarantu da yawa ba su ɗora bayanan ɗalibansu ba.

15/ Na san wani zai ce laifin mutane ne, su suka ba da suna iri-iri. Akwai gaskiya a ciki. Amma tsohuwar da ta faɗi sunanta da baki, wani ya rubuta yadda ya ga dama, ina laifinta? Kuma ɗan birni keke Napep zai hau ya gyara. Namu sai ya bi hanyar da kowa ya san hatsarinta.

16/ Abin da ya kamata mu nema daga duk hukumar da ke kwashe bayananmu: ta haɗa mutum da lambarsa ta NIN mai lamba 11, ta daina dogara da rubutun suna kaɗai. Ta ƙirga layuka kafin kwasa da bayan kwasa. Wanda bai dace ba a ware shi a kira shi, kar a rufe masa layi ko asusu kawai.

17/ Sannan a kawo teburin gyara kusa da mutane, a hedikwatar ƙaramar hukuma da ranar kasuwa. Dokar kare bayanai ta 2023 ta ba ka haƙƙin a gyara bayaninka in ba daidai yake ba. Haƙƙin da sai ka yi tafiyar yini guda kafin ka same shi, rabinsa ya tafi.

18/ Ku kuma ƙannena masu shirin JAMB, yau ɗin nan ku ɗauko takardar NIN, ta banki da ta makaranta ku jera su. Ku duba harafi da harafi, da ranar haihuwa. Ku duba na Inna da na Baba ma. Wanda ya taɓa shan wahalar gyaran suna ya faɗa mana a ƙasa kwana nawa ya ɗauka. Allah ya ba mu zaman lafiya a yankinmu, amin.